TSUTSAR CIKI: ƁARAWON DA KE CIN ABINCIN ƳAƳANMU

Ƴan'uwa manoma, maza da mata, kowa ya san ɓarnar ɓera cikin rumbu. Mai gona ya sha rana, ya yi noma, ya yi girbi, ɓera kuwa ya zo ya ci a ɓoye. To, haka tsutsar ciki take cikin jikin mutum. Uwa ta daka, ta dafa, yaro ya ci, amma wani rabo na abincin tsutsa ce ke cinye shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan 1,500 ne ke ɗauke da tsutsotsin da ake samu ta hanyar ƙasa mai ƙazanta. Yara ne suka fi shan wahalarsu.

IRE-IRENSU DA HANYAR SHIGARSU

Tsutsotsin ciki ba iri ɗaya ba ne. Ga huɗu da ya kamata kowa ya sani.

Na farko macijin ciki. Dogo ne, mulmulalle, yana iya kai santimita 35. Macen tana zuba ƙwai wajen 200,000 a rana guda. Ƙwan yana fita cikin bayan gida, ya kwanta a ƙasa. Bayan kamar mako uku ya nuna. Daga nan sai ya koma bakin mutum ta hannu mai dauɗa, ko ruwan sha, ko salati da tumatir da ba a wanke ba.

Na biyu tsutsa mai ƙugiya. Ƙarama ce, amma muguwa. Ƴaƴanta suna zaune cikin ƙasa mai laima, kamar ta garka da fadama. Suna huda fatar ƙafar wanda ke tafiya ba takalmi. In sun isa hanji sai su maƙale, su dinga shan jini.

Na uku ƙananan tsutsotsi farare, masu kama da guntun zare. Da dare macen ke fitowa bakin dubura ta zuba ƙwai. Yaro ya sosa, ƙwai ya maƙale a farce, ya koma baki. Ta haka suke gama gida duka.

Na huɗu tsila. Ita faffaɗa ce kamar ɗamara, tana iya wuce mita 5. Ana ɗaukar ta daga naman shanu da bai dahu ba, ko tsiren da bai gasu har ciki ba.

ALAMOMIN DA ZA A LURA DA SU

Sau da yawa mai tsutsa ba ya jin komai da farko. Sai sun yi yawa alamu ke bayyana. Iyaye su sa ido ga waɗannan:

- Ciwon ciki mai zuwa yana komawa, musamman kewayen cibiya.
- Cikin yaro ya kumbura, hannuwa da ƙafafu kuwa sun rame.
- Rashin son abinci, tashin zuciya, ko zawo lokaci lokaci.
- Ƙaiƙayin dubura da dare, har yaro ya kasa barci.
- Ganin tsutsa cikin bayan gida ko amai, ko guntaye farare faffaɗa cikin wando. Waɗannan guntayen na tsila ne.
- Kasala, jiri, da saurin gajiya wajen aiki.
- Yaro ya dinga cin ƙasa.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowace uwa za ta iya yi. A ja fatar idon yaro ta ƙasa a hankali, a duba cikinta. A duba tafin hannu da harshe. In sun yi fari fat, jini ya yi ƙaranci. Amma a sani, zazzaɓin cizon sauro da rashin abinci mai gina jiki su ma suna rage jini. Saboda haka alama kaɗai ba ta isa hukunci ba. A gidan likita ne ake duba bayan gida da madubin ƙara girma, a gane irin tsutsar.

MAGUNGUNAN GIDA

Kakanninmu ba su zauna hannu rabbana ba. Suna da abubuwan da suke sha. Ga gaskiyar abin da aka sani game da uku daga cikinsu.

Ƴaƴan gwanda. A shekarar 2007 wasu likitoci a Najeriya sun gwada su ga yara 60 masu ƙwayoyin cutar hanji. Yara 30 an ba su busassun ƴaƴan gwanda da aka niƙa cikin zuma. Sauran 30 an ba su zuma kaɗai. Bayan mako guda, 23 daga cikin waɗanda suka sha ƴaƴan gwanda bayan gidansu ya fita tsaf. Cikin masu shan zuma kaɗai, 5 ne kawai. Wannan ya nuna ƴaƴan gwanda suna da amfani. Amma gwajin ƙarami ne, kuma yara 7 ba su rabu da cutar ba. Mace mai ciki kada ta sha su, kada ta ci ɗanyar gwanda. Jaririn da bai cika shekara ba kuma ba a ba shi zuma.

Ƴaƴan kabewa. Tun da daɗewa mutane a ƙasashe da dama suke amfani da su don tsila. Ana ɓare su, a daka, a dama da nono ko zuma, a sha da safe kafin karin kumallo. Suna kashe wa tsutsa jiki, ta saki hanji. Abinci ne mai kyau, ba su da cutarwa. Sai dai in kan tsila bai fito ba, za ta sake tsiro cikin ƴan watanni.

Tafarnuwa. Tana da daɗi a miya, tana da amfani ga jiki. Amma kada a dogara gare ta don kashe tsutsa. Kada kuma a cusa ta a duburar yaro, tana ƙona fata.

Abin da abincin gida ya fi iyawa shi ne mayar da jinin da tsutsa ta sha. Zogale, wake, hanta, kifi, ƙwai da ganyen rama duk suna taimakawa. A ba yaro su a kai a kai.

ABIN DA BA A YI

Wasu suna ɗura wa yaro kananzir ko man mota wai don tsutsa ta mutu. Wannan guba ce. Tana ƙona huhu, tana kisa. Man dogon yaro shi ma yana sa ƙaramin yaro farfaɗiya. Jiƙo mai sa zawo da ƙarfi yana tsotse ruwan jiki, yaro ya galabaita, tsutsa kuwa tana nan. Maganin da ake yawo da shi cikin rana a kasuwa, ba a san ƙarfinsa ba, ba a san ranar lalacewarsa ba. A guje shi.

MAGANIN LIKITA

Maganin tsutsa na likita ba shi da tsada, kuma ba shi da wuyar sha. Albendazol da mebendazol suna kashe macijin ciki da tsutsa mai ƙugiya da masu kama da zare. Sau da yawa ƙwaya ɗaya ake taunawa. Yaron da ke tsakanin shekara 1 da 2 rabin ƙwayar albendazol ake ba shi. Mace mai ciki ba ta sha sai ta wuce wata uku na farko, kuma da izinin ungozoma ko likita. In masu kama da zare ne, gida duka ake yi wa magani, a maimaita bayan mako biyu. Tsila kuwa maganinta daban ne, sai likita ya rubuta. In ma'aikatan lafiya sun zo rabon maganin tsutsa a gari ko a lakwal, a fito da yara duka.

A gaggauta zuwa gidan likita in aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: jini cikin bayan gida, ciwon ciki mai tsanani tare da amai da rashin fitar bayan gida, kumburin ƙafafu ko fuska, numfashi sama sama. Macijin ciki in ya yi yawa yana iya dunƙulewa ya toshe hanji. Wannan ba aikin jiƙo ba ne.

BABBAN MAGANIN GIDA SHI NE TSABTA

Magani yana kashe tsutsar da ke ciki yau. Ba ya hana wata shiga gobe. Abin da ke hana ta a hannunmu yake:

1. Kowane gida ya gina salga, a rufe bakinta. Kashin yara ma a zuba shi ciki.
2. A wanke hannu da sabulu, ko da toka, bayan an zaga, da kafin girki, da kafin cin abinci.
3. A yanke wa yara farce.
4. A sa takalmi, musamman a garka da fadama.
5. A dafa nama ya dahu, a gasa tsire har cikinsa ya daina ja.
6. A wanke kayan garka da ruwa mai tsabta. Kada a zuba ɗanyen bayan gida a matsayin taki.
7. Ruwan tabki a tace shi, a tafasa. A rufe randa.

Wanda ke shakkar ƙarfin tsabta, ya tuna da kurkunu. Dattawanmu sun san yadda yake kwantar da manomi cikin tsakiyar damina, gona ta cika da ciyawa. Kurkunu ba shi da ƙwayar magani, ba shi da allura. Da tace ruwa, da gina rijiyoyi, da hana mai kurkunu shiga tabki aka ci ƙarfinsa. A shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijar ta rabu da shi. Mutanen ƙauye ne suka yi wannan aiki da hannunsu.

Kai da ka iya karatu yanzu, karanta wannan shafi ga iyalinka da maƙwabtanka. Ku tattauna shi a ajin yaƙi da jahilci. Ku ƙirga gidajen da ba su da salga a unguwarku, ku sa ranar gayya. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.