Keke Mai Lantarki: Daga Rumfar Mai Gyara Zuwa Teburin Kwastan

Idan mai karatu bai manta ba, a ranar 29 ga Mayun 2023 ne aka sanar da janye tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce Naira 1,000. Tun daga lokacin motata ta koma abin fita ranar biki da ranar ta'aziyya. Tsakanin gidana da wurin aiki a Kano bai wuce kilomita 11 ba, tafiyar da ta fi ƙarfin ƙafa, kuma ta fi ƙarfin gwiwar mutum mai shekaruna idan ya ce kullum feda zai taka a zafin watan Afrilu. Wannan ne ya sa na ciro tsohon kekena daga sito, na yanke shawarar a maƙala masa injin lantarki. Na ɗauka cinikin yini guda ne. Ashe makaranta na shiga, kuma darasin da na ɗauko a cikinta ya wuce maganar keke.

Tambayar farko da mai sayayya zai fuskanta ita ce inda injin zai zauna. Akwai wanda ake ginawa a cibiyar ƙafar keke, galibi ta baya, yana juya tayar kai tsaye. Akwai kuma wanda ake dasawa a tsakiya, wurin feda, yana jan sarƙa kamar yadda ƙafar mutum ke ja. Na tsakiyar shi ne ɗan gatan mujallun Turai, kuma ba a banza ba: tunda ta giyar keke yake bi, yana hawan tudu ba tare da ya galabaita ba, nauyinsa kuma yana zaune daidai. Da a Jos nake, ko a kan tsaunin Mambila, da ban tsaya dogon tunani ba. To amma Kano shimfiɗe take kamar tabarma, abin da muke da shi ƙura ce da rami da zafi. Injin tsakiya yana cin sarƙa da haƙoran giya da sauri, ƙura kuma tana ƙara masa ci; ranar da sarƙa ta tsinke a hanya, ƙarfinsa ya tashi a banza, sai turi. Injin cibiya kuwa babu ruwansa da sarƙa, ko ta tsinke zai kai ka gida.

Shi kansa injin cibiyar iri biyu ne. Ƙarami mai 'yan giyoyi a ciki ba shi da nauyi, yana tashi da kuzari, sai dai giyoyin na roba mai tauri ne, kuma zafi da lodi suna cinye su. Babban, marar giya, nauyi gare shi kamar dutsen niƙa, amma kusan babu abin da zai lalace a cikinsa. Mai ɗaukar buhun masara ko jarkokin ruwa, babban ya dace da shi. Ni da jakar takardu kawai nake ɗauka, na zaɓi ƙaramin, mai wat 500 a kan bolt 48. A Tarayyar Turai doka ta tsayar da keken da ake hawa ba lasisi a kan wat 250 da gudun kilomita 25 a awa. Mu babu wanda ya tsayar mana, shi ya sa za ka ji ɗan kasuwa yana tallar wat 1,500 a kan keken da birkinsa na roba ne. Wannan ganganci ne. Duk wanda ya ƙara wa keke ƙarfi bai ƙara masa birki mai faifai ba, bai sa wayoyin ƙafa masu kauri ba, bai ɗaura ɗan ƙarfen nan da ke hana gindin injin murɗe ƙafar firam ba, to da asibitin ƙashi na Dala ya yi alkawari.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da batir, inda kuɗin yake, inda kuma ha'incin yake. Lissafinsa ba wuya: a ninka bolt da amfiya, a sami yawan wutar da yake ɗauka. Batir mai bolt 48 da amfiya 13 yana ɗaukar wat 624 na awa guda, wato bai kai yunit ɗaya na mita ba. Ko a farashin Band A da aka ɗaga zuwa sama da Naira 200 a Afrilun 2024, cika shi bai kai Naira 200 ba, kuma yana iya kai mutum kilomita 40 ko fiye idan yana taimakawa da feda. Babur kuwa sai ya sha kusan lita guda a wannan tafiyar. Wannan lissafin ne ya ruɗe ni na yi gaggawa.

Wani ɗan kasuwa ya sayar mini da batir da aka rubuta wa amfiya 20, a farashin da ya kamata ya sa ni zargi. Mako uku yana aiki, sai ya fara mutuwa a tsakiyar hanya, wata rana kuma na taɓa shi yana caji na ji kamar tukunyar da aka sauke. Na kai wa mai gyaran keken unguwarmu, wanda shekarun baya ya haɗa gyaran keke da naɗin injin fanka. Ya farke ledar, ya zuba mini 'ya'yan batirin a kan benci: kala-kala, wasu da tabon walda na da, alamar daga tsofaffin kwamfutoci aka ciro su. Ɗan allon da ya kamata ya yanke wuta idan caji ya cika ko zafi ya yi yawa, ko na'urar jin zafi babu a jikinsa. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, a ɗaki kake cajin wannan? To daga yau ka fitar da shi tsakar gida, nesa da yara." Ba tsoratarwa yake yi ba. A birnin New York na Amurka, a shekarar 2023 kaɗai, gobarar irin waɗannan batura ta kai 268, mutum 18 suka rasu, har hukumar birnin ta haramta sayar da keken lantarkin da ba shi da shaidar gwajin inganci. Can ke nan, inda motar kashe gobara ke zuwa cikin mintuna. Batirin lithium ba ya son a yi masa caji idan zafinsa ya haura digiri 45, mu kuwa a bazara inuwarmu kanta tana wuce 40. Daga baya na sayi irin wanda ake kira LFP. Ya fi nauyi, ya fi girma, amma ya fi jure zafi, ya fi tsawon rai, kuma ba ya saurin kamawa da wuta.

Ranar da na kai kekena majalisarmu ta yamma, sai maganarsa ta rikiɗe ta zama muhawara. Wani abokinmu da ya taɓa riƙe masana'anta a Sharaɗa ya ce abin kunya ne. A garin da kamfanin Raleigh ya taɓa harhaɗa kekuna a Bompai, a yankin da Peugeot ta fara fitar da motoci daga Kaduna tun 1975, yau ko kusar birki sai an ɗauko daga ƙasar Sin. A ganinsa a lafta wa keken lantarkin waje haraji mai nauyi tun kasuwar tana jaririya, kafin ta bi sawun masaƙu. Wani kuma, malamin tattalin arziki, ya ce wannan waƙar mun sha jin ta. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, shinkafa ta yi tsada, 'yan fasa-ƙwauri suka yi ƙiba. An hana kaya 41 samun dala daga Babban Banki a 2015, a 2023 aka janye. Me ya sa talakan da ya rasa kuɗin mai zai biya kuɗin kare masana'antar da ba a gina ba tukuna?

Kowannensu yana da gaskiyarsa, sai dai dukkansu suna magana a kan keke kamar abu guda ne dunƙulalle. Ni da na zauna a rumfar mai gyara na ga an baje shi a ƙasa, na san ba haka yake ba. Kuma abin da ya faru a Turai ya isa misali.

Tun 1993 Tarayyar Turai ta ɗora wa kekunan Sin harajin hana karya farashi. 'Yan kasuwa suka koma shigo da kekunan a wargaje, sai a 1997 aka faɗaɗa harajin ya haɗa da manyan sassa. A 2005 aka ɗaga shi zuwa kashi 48.5 cikin ɗari. Kaya suka fara ɓullowa ta Indonesiya da Malesiya da Sri Lanka da Tunisiya, a 2013 aka bi su can. Suka koma Kambodiya da Pakistan da Filifin, a 2015 aka sake bin su. Da keken lantarki ya yi kasuwa, a Janairun 2019 aka ɗora masa nasa, daga kashi 18.8 zuwa 79.3 gwargwadon kamfani, aka kuma sabunta shi a 2025. Abokinmu na Sharaɗa zai ce ai ga shi ya yi amfani, kuma ya yi: yankin Agueda na ƙasar Fotugal ya cika da masana'antu, har ƙasar ta zama kan gaba wajen haɗa kekuna a Tarayyar. Amma a lura da abu biyu. Na farko, shekara 30 da ɗoriya suka yi a kan manufa guda, da jami'an kwastan masu bin sawun kaya har ƙasa ta uku. Na biyu, harajin ya dawo da haɗa keke da ƙera firam da rim, bai dawo da zuciyar abin ba. Keke da yawa masu tambarin Turai injin Bafang na birnin Suzhou ke cikinsu, giyarsu ta Shimano ce ta Japan, 'ya'yan batirinsu na Koriya ko Japan ko Sin. Maganaɗisun da ke cikin injin kuwa, kusan kashi 90 cikin ɗari na irinsa a duniya a Sin ake yin sa. Da Sin ta ƙaƙaba takardar izini kafin a fitar da shi a Afrilun 2025, har wasu kamfanonin motoci sai da suka tsayar da aiki na ɗan lokaci. Birtaniya ma da ta sake lissafi, a Fabrairun 2025 ta cire harajin daga kekunan lantarkin da ba a naɗewa, domin ta ga masu saye sun fi masu ƙerawa yawa nesa ba kusa ba.

Idan Jamus mai kamfanin Bosch ba ta iya raba kanta da maganaɗisun Sin ba, ban ga hikimar mu ce za mu toshe ƙofa har sai mun ƙera inji ba. Haka kuma ban yarda mu buɗe ƙofa mu kwanta ba, domin ta wannan ƙofar batirin da ya kusa ƙone mini gida ya shigo. Tsarin harajin bai-ɗaya na ECOWAS yana da matakai biyar: sifiri, 5, 10, 20 da 35. Wannan tsani ya ishe mu. A nawa ganin, inji da na'urar sarrafa wuta da sabbin 'ya'yan batir su shigo a matakin ƙasa, tunda ba ma yin su kuma ba za mu yi su bana ko baɗi ba. Keken da aka gama haɗawa ya biya matsakaici, ba mai kisa ba, yadda zai fi riba a shigo da sassa a ɗaure a nan. Firam, kariya, sirdi, akwatin batir, ɗaurin ƙafa, duk maƙeranmu da masu walda za su iya, kuma aikin yi yana wurin. Batirin da ba shi da shaidar gwaji kuwa ba maganar haraji ba ce. Aikin Hukumar SON ne ta hana shi sauka, ta kuma sa ido a kan masu haɗa shi a cikin gida, domin nawa ban tabbata daga waje aka haɗo shi ba.

Sharaɗin duk wannan shi ne tsayuwa a kan magana. A 2013 aka fito da manufar motoci da ta kai harajin sabuwar motar waje kashi 70, mutane suka zuba jari. Dokar Kuɗi ta 2020 ta zo ta zaftare rabin nan na ƙari daga 35 zuwa 5. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya, da wuya ya sake kafa inji a kan alkawarin gwamnati. Cire harajin VAT daga ababen hawa masu lantarki da aka yi a 2024 mataki ne mai kyau, amma mai jari yana son ya san ko zai kai shekara goma. Ga kuma lithium ɗin da ake haƙowa a Nasarawa, inda aka buɗe masana'antar tace shi a Mayun 2024: yana fita a buhu, ya dawo mana a cikin leda da farashin dala. Tsakanin dutsen da ɗan batir akwai matakan sinadarai masu tsada, ban ce gobe za mu tsallake su ba, amma ban ji ana tambayar masu haƙar wane mataki za su ƙara a nan ba, kuma yaushe.

Akwai wani abu da ya kamata masu tsara manufa su koya daga mai gyaran unguwarmu. Da na nuna masa hoton wani keken Turai mai tsada da wani ɗan'uwa ya yi niyyar turo mini, sai ya girgiza kai. Irin waɗannan, injin da batirin da cajar duk a kulle suke da juna, ba sa karɓar na wani kamfani, kuma sai dillalinsu mai kwamfuta ke iya gano ciwonsu. "Idan ya tsaya, Alhaji, sai dai ka rataye shi a falo." Injin da na saya kuwa wayoyi uku ne masu kauri da biyar sirara, duk na'urar da ƙarfinta ya dace za ta tuƙa shi. A Maiduguri, inda aka hana babur tun 2011 har keke ya zama abin hawan malami da ɗalibi da ɗan kasuwa, wannan bambancin shi zai raba keken da zai yi shekara goma da wanda zai zama tarkace a shekara biyu.

Watan jiya injin nawa ya fara kakkarwa idan zan tashi. Mai gyaran ya buɗe shi, ya ce wayar tagullar lafiya lau, ko da ta ƙone ma zai iya naɗe ta kamar ta fanka. Abin da ya mutu wani ɗan ƙanƙanin abu ne mai ƙafa uku, bai kai ƙwayar wake ba, wanda ke gaya wa na'urar sarrafa wuta inda maganaɗisu yake. Kuɗinsa bai kai na burodi ba. Ya zaga Sabon Gari da Kofar Ruwa bai samu ba, sai da ya yi waya Legas, aka ce yana cikin kwantena. Kwana 19 ina hawa A Daidaita Sahu kafin ya iso, kuma da ya iso na sa ya sayi guda goma ya ajiye a gwangwanin da yake zuba ƙusoshi.