Ruwan saman Damargu da labarin tekunan arewa

Ƙasar Damargu, watau gundumomin Tanut da Balbeji na jihar Damagaram, tun kaka da kakanni an san ta da hatsi. Geronta ne ayarin Buzaye ke kaiwa Abzin da Bilma, a musanya shi da gishiri da dabino. Amma ƙasa ce ta bakin iyaka. Layin da dokar 1961 ta shata domin tsayar da noma ta wajen arewa bai yi nisa da Tanut ba, kuma a nan ruwa biyu ko uku na watan Agusta su ke raba shekarar ƙoshi da ta yunwa.

Lokacin farin 1973 da na 1984 an ɗora wa makiyaya da manoma laifi. A 1975 wani masani ɗan Amurka, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa idan bisashe suka cinye ciyawa, ƙasa ta yi fari fat, sai ta riƙa mayar da hasken rana sama, hadari ya kasa haɗuwa. Maganar ta shiga ofisoshi, ta daɗe. Sai a 1986 wasu ma'aikatan ofishin yanayi na Ingila, Folland da Palmer da Parker, suka gwada lissafin ruwan Sahel da na zafin teku. Suka tarar shekarun fari sun zo daidai da lokacin da tekunan arewa suka huce, na kudu suka ɗumama. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ƙarfafa wannan. Dalilin kuwa, iskar damina daga tekun kudu take tasowa, tana bin wajen da ya fi zafi. In arewa ta yi sanyi, sai ƙarfinta ya ƙare tun ba ta iso Damargu ba. Saran itace yana da illarsa, babu musu, amma ba gatarin talaka ya hana ruwa ba. Har ma bincike ya nuna hayaƙin masana'antun Turai da Amurka yana cikin abin da ya sanyaya tekun.

To, me ke ɗumama tekun arewa? Wani babban magudani ne cikin Atlantika, wanda ke ɗaukar ruwa mai ɗumi daga kudu zuwa arewa. Can sai ya huce, ya yi nauyi saboda gishiri, ya nutse, ya komo ta ƙarƙashi. Tun 2004 aka dasa na'urori cikin teku suna auna ƙarfinsa.

Abin da ake tsoro shi ne ruwan ƙanƙara, wanda ba shi da gishiri, ba ya nutsewa. Shi ya sa masana suka duƙufa kan lungunan teku da ake kira fiyod, watau kwari mai zurfi tsakanin duwatsu wanda ƙanƙara ta haƙa, teku ya cike shi. Babban na ƙasar Norwe, Sognefjord, tsawonsa ya wuce kilomita 200, ya fi nisan Damagaram zuwa Tanut, zurfinsa kuma mita 1,300. A tsibirin Girinlan ta irin waɗannan lunguna ne ƙanƙara ke gangarowa teku. A 1997 ruwa mai ɗumi ya kutsa lungun Ilulissat ta ƙasa, ya riƙa cin gindin ƙanƙara. Awon taurarin ɗan adam tun 2002 ya nuna tsibirin na asarar wajen tan biliyan 270 kowace shekara.

A 2017 Dimitri Defrance da wasu masanan Faransa suka lissafa cewa in narkewar ta yi sauri, damina za ta ja da baya, gonakin gero da dawa na Sahel su ragu ƙwarai. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, a rahotonsa na 2021, ya ce magudanin zai yi rauni cikin wannan ƙarni, ko da yake bai sa ran zai tsaya farat ɗaya kafin 2100 ba.

Wani sashe na wannan ilimi ya riga ya shiga aiki. Tun 1998 masanan Afirka ta Yamma kan taru kafin damina, tare da cibiyar Agrhymet ta Yamai, su duba zafin tekuna, su faɗi ko ruwa zai yawaita ko zai yi ƙaranci. Hasashen ba ya faɗa wa manomin Tarka ranar shuka. Amma yana isa ma'aikatan gona su tanadi iri mai saurin nuna, a kuma cika bankunan cimaka tun hatsi bai yi tsada ba.