Zuwa Kano Karo Na Farko A Lokacin Hunturu: Shawara Ga Mai Bin Motar Haya

Kowace shekara, da zarar an gama girbi an zuba gero da dawa a rumbu, sai mutanenmu na Cheberu da ƙauyukan kewaye su fara zuwa mana da tambaya iri ɗaya. Wani zai kai tsohonsa a duba masa ido, wata za ta je sayen kayan auren 'yarta, wani kuma ɗansa ne ke karatu a can yana so ya je ya gan shi. Dukansu Kano za su, yawancinsu ba su taɓa wuce Sakkwato ba, kuma babu mai motar kansa a cikinsu. Lokacin da kuɗi ke shigowa hannun manomi shi ne kuma lokacin da sanyi da hazo suka fi tsanani. Saboda haka muka ga ya dace mu rubuta abin da muke faɗa masu da baki, domin kowa ya amfana.

Abin da ya sa muka ɗauki maganar da muhimmanci shi ne abin da ya sami wani ɗan'uwa da muka taimaka wa da shirin tafiya. Ya ɗauki mahaifinsa mai yanar ido, suka bar gida da hantsi, ya ce a ranar za su isa. Ba su shiga Kano ba sai da dare ya raba. Wayarsa ta mutu, lambar wanda zai tarbe su kuwa tana cikin wayar. A kan benci suka kwana a tasha, tsohon da riga ɗaya da ɗan mayafi. Kafin kwana biyu tari ya kama shi, likita ya ce ba za a taɓa idon ba sai tarin ya lafa, domin mai tari ba ya iya kwanciya shiru a yi masa aiki. Suka ƙara mako guda a garin, guzurin da aka yi don aiki ya tafi a abinci da magani. Laifinmu ne mu ma, don mun yi masa lissafin kuɗin mota, ba mu yi masa lissafin lokaci da sanyi ba.

Da farko, a tabbata tafiyar ta zama dole

In maganar lafiya ce, a fara zuwa Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Sau da yawa abin da ake nema a nesa ana yin sa a kusa. In sun ce sai Kano, to a roƙi takardar turawa, a haɗa ta da duk katunan asibiti da kwalayen magungunan da mara lafiya ke sha.

A raba tafiyar kwana biyu

Daga Cheberu mutum zai hau kabu-kabu ko motar kasuwa zuwa Gwandu, ya fita babbar hanyar da ta taso daga Jega ta bi Tambuwal, Shagari da Boɗinga ta shiga Sakkwato. Daga Sakkwato zuwa Kano kimanin kilomita 500 ne, ta Talata Mafara, Gusau, Tsafe da Funtuwa. Daga Funtuwa wasu direbobi kan bi Malumfashi da Gwarzo, wasu su bi ta Zariya. Ko da lafiyayyar mota wannan tafiyar yini guda ce, ga shingayen jami'an tsaro, ga wuraren da hanya ta lalace.

Shawararmu ita ce a kwana a Sakkwato wurin ɗan'uwa, a kasance a tasha tun da asuba a shiga motar farko. Motar haya ba ta tashi sai ta cika, kuma wadda ta fara lodi da hantsi tana iya kai azahar ba ta motsa ba. Wanda ya shiga irin wannan, dare zai same shi tsakanin Gusau da Funtuwa, yankin da ya sha fama da 'yan bindiga masu tare hanya a shekarun nan. Ba ma ba kowa shawarar bin wannan hanya bayan la'asar sakaliya. In ƙarfe 9 na safe ta yi mota ba ta cika ba, gara a haƙura a sake kwana. Kuɗin kwana ɗaya bai kai abin da ake gudu ba. A kuma tambayi direbobin da suka iso jiya yadda suka baro hanya, su suka fi kowa sani.

Akwai wani abu da mutane ba su lura da shi ba. Kano tana gabas da mu sosai, don haka rana tana riga faɗuwa a can da kusan minti 15. A watan Disamba, ƙarfe 6 na yi da 'yan mintoci magariba ta yi. Ga hazo kuma, wanda wani lokaci yakan hana direba hangen abin da ke gabansa, dole ya rage gudu. In ya rage, kada fasinja su matsa masa.

A shiga mota a cikin tasha kawai, inda 'yan ƙungiyar direbobi ke rubuta sunan fasinja da lambar wani nasa. Motar bakin hanya takan fi araha, amma in wani abu ya faru babu wanda ya san wa ya ɗauke ka. Kafin a biya, a tambayi ɗan kamasho tashar da motar za ta sauke mutane a Kano, domin tashoshin suna da yawa kuma suna nesa da juna: akwai Unguwa Uku a hanyar Zariya, akwai Ƙofar Ruwa, akwai Rijiyar Zaki a hanyar Gwarzo, da sauransu. A kira mai masauki a gaya masa tun mota ba ta tashi ba. Lambarsa kuwa a rubuta ta a takarda a sa a aljihu, a kuma ba wanda ake rakiya tasa takardar.

Sanyin Kano ba irin namu ba ne

Mutanenmu kan ce ai mun san hunturu. Mun san shi, amma Kano tana kan tudu fiye da ƙasar Gwandu, kuma darenta ya fi namu sanyi. A Disamba da Janairu ma'aunin zafi kan sauka wajen digiri 13 da asuba, wasu ranaku har ƙasa da 10. Iskar tana tasowa ne daga arewa maso gabas, ta kwaso ƙura daga hamadar ƙasar Chadi, kuma tana isa Kano kafin ta iso mu. A gida, in sanyi ya matsa, akwai kara a hura wuta a tsakar gida, akwai ɗakin ƙasa mai riƙe ɗumi. A birni, baƙo kan sami kansa a kan siminti, a barandar asibiti ko shagon wani, inda babu halin hura wuta.

Don haka kowane matafiyi ya riƙe bargonsa, ko da an ce akwai masauki. A ɗauki rigar sanyi, hular sanyi, safa, da tabarma mai kauri ko buhu biyu da za a shimfiɗa a ƙasa. Waɗannan kada a ɗaure su a but ko saman mota, a riƙe su a cinya, domin sanyin asuba cikin mota mai gudu ya fi na ko'ina, musamman in gilashi ya fashe an toshe da kwali. A sa man kaɗanya ko basilin a jaka saboda kaushi da fashewar leɓe, da ƙyalle ko takunkumi na rufe hanci. Mai asma kada ya bar maganinsa a gida. Da rana kuwa gari kan yi zafi, saboda haka riguna biyu ko uku da za a iya cirewa ɗaya bayan ɗaya sun fi babbar riga guda.

Gargaɗi biyu muke so a riƙe. Na farko, kada a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta. Hayaƙinsa ba ya wari, ba a ganinsa, kuma yana kashe mutum cikin barci. Na biyu, lokacin ƙura lokacin sanƙarau ne, kuma cunkoso a ɗaki ɗaya yana taimaka masa yaɗuwa. Mu nan ba sai an ba mu labari ba, mun ga yadda ya ɓarke a Gwandu, Jega da Aliero a farkon 2025. Duk wanda zazzaɓi mai zafi ya kama tare da ciwon kai da sanƙarewar wuya, a kai shi asibiti a ranar, kada a ce sai an koma gida.

Yawo a cikin gari

Wanda ya saba da kabu-kabu zai sha mamaki. Tun watan Janairu na 2013 gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni, abin da su ke kira acaɓa. Abin hawan talaka a can shi ne keke mai ƙafa uku, sunansa a bakinsu adaidaita sahu. A 2022 an kafa dokar hana shi aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, wanda ke nufin baƙon da ya sauka da tsakar dare yana iya rasa abin da zai kai shi masauki.

Hawa iri biyu ne. Akwai na haɗaka, inda kake faɗin inda za ka, in hanyarsa ce ya ɗauke ka tare da wasu, kuɗin kaɗan ne. Akwai kuma shata, wanda suke ce wa dirof, kai kaɗai har ƙofar gida, kuɗinsa ya ninka sau da yawa. Mai tsoho ko mara lafiya da kaya, a ranar farko ya ɗauki shata, amma a gama ciniki kafin a hau. Sunan unguwa kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da wata alama, kamar gada, masallaci, makaranta ko gidan mai. In an ji Sakkwatancinmu za a yi mana ba'a, wani ma ya ƙara kuɗi. Ba abin fushi ba ne. A tambayi mai masauki kuɗin kowace hanya tun da dare, da safe a faɗe shi kai tsaye kamar ɗan gari. Waya kuma a bar ta cikin aljihu yayin da ake cikin keke, ƙwacen waya ya yi yawa.

A nemi masauki kusa da abin da ya kawo mutum, ko da ɗan'uwa na jini yana wata unguwa mai nisa. Asibitin Ido na ECWA, wanda mishan na SIM suka kafa a 1943, yana kusa da Sabon Gari. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana hanyar Zariya, Asibitin Murtala yana wajen Ƙofar Mata, Asibitin Ƙashi kuma yana Dala. Masu sayayya, atamfa da shadda a Kantin Kwari suke, kayan masarufi a Singa, hatsi a Dawanau can hanyar Katsina. Wanda ya sauka a wani gefen gari alhali buƙatarsa tana ɗaya gefen, zai hau keke biyu ko uku kowace safiya cikin sanyi, ya isa ya tarar layin karɓar kati ya yi nisa. Mun ga wanda kuɗin kekensa na mako ya kusa kuɗin motarsa daga gida.

Ranaku da guzuri

Mai zuwa asibiti ya shirya ya isa ran Lahadi ko Litinin, domin ya sami ranakun aiki a gabansa. Wanda ya isa ran Alhamis da yamma yana iya zaman jira har wani mako. Ran Juma'a da rana hanyoyin kusa da manyan masallatai kan cushe, ran Lahadi kuma shaguna da yawa a Sabon Gari a rufe suke. Makon Kirsimeti da na sabuwar shekara motoci kan yi wuya, kuɗinsu ya hau, ma'aikata da yawa kuma suna hutu. In ba gaggawa ba, farkon Disamba ko tsakiyar Janairu sun fi.

Ba za mu rubuta kuɗin mota a nan ba, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 farashin ba ya zama wuri ɗaya. A tambaya a tasha cikin makon da za a tafi. Duk abin da aka lissafa na kwana, a ƙara na kwana uku a kai. Kuɗin komawa a ware shi daban, a ɗinke shi cikin lalita ko a bar shi a asusun banki a cira wurin masu POS, kada a taɓa shi ko me ya faru. Sauran a raba shi gida biyu, a bar canji a aljihun gaba don kada a riƙa fito da damin kuɗi gaban jama'a. A riƙe katin shaida saboda shingayen hanya. Ƙuli-ƙuli, gari, soyayyar gyaɗa da dabino suna rage kashe kuɗi a hanya, da gorar ruwa, don a hunturu mutum ba ya jin ƙishirwa alhali jikinsa na bushewa. In hatsari ya faru, lambar jami'an kiyaye haɗurra ita ce 122.

Komawa gida

Wanda aka yi wa aikin ido, kada a ɗauko shi sai likita ya sallame shi da bakinsa, a kuma rubuta ranar da aka ce a dawo. A nema masa kujerar tsakiya nesa da taga, ya sa baƙin tabarau, a ɗiga masa maganinsa a kan lokaci ko da ana cikin tafiya, da hannun da aka wanke. A tambayi likitan ko za a iya yin dubawa ta gaba a Sakkwato ko Birnin Kebbi, ya rubuta a takarda. Ranar tashi a je tasha da asuba kamar yadda aka zo, a sake kwana a Sakkwato in yamma ta yi, a kira gida a ce wani ya jira a Gwandu da babur da mayafi.