Mahayin nan mai lifidi, na wane gari ne?



Yau maganar zanen kayan yaƙi za mu yi. Kafin zuwan kyamara, sojan da ba a zana ba, kamannin shigarsa sun tafi ke nan. Ingila ta yi sa'ar wani hafsan sojan ruwa, Gabriel Bray, wanda ya biyo jirgin yaƙi Pallas zuwa gaɓar Afirka ta Yamma a 1774 da 1775. Ya zana sojojin jirgin cikin kayan sarki, wasu na cin abinci, wani ma yana sharar barci. Zanen na nan a gidan tarihi na Greenwich a Landan. Amma Bray a bakin teku ya tsaya, bai leƙo ƙasar Hausa ba.

To mu fa? Idan ka ga an saka zanen mahayi shi da dokinsa cikin lifidi, an rubuta "mayaƙan Shehu", dakata tukuna. Sanannun zanen irin wannan daga littafin Denham da Clapperton na 1826 suke. Clapperton sojan ruwa ne, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato a 1824, amma Denham ne ya zana mahayan, kuma a ƙasar Barno ya gan su. Mai sulke dogarin Shehun Barno ne, mai lifidi kuwa ɗan Bagarmi.

Kuskuren ba ƙarami ba ne fa. A Tabkin Kwatto, 1804, rundunar Gobir ce mai dawaki da lifidi. Jama'ar Shehu Usmanu yawancinsu 'yan baka ne a ƙasa, dawakinsu ba su taka kara sun karya ba, kuma su suka ci. Wato in ka ɗora su kan barde mai lifidi, ka ba su kayan abokan gabarsu, ka kuma ɓoye abin mamakin nasarar.

Yaƙin Birnin Kebbi da na Alwasa a 1805, a rubuce Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar mana su. Mai son ganin makamai da idonsa kuwa, gidan tarihi na Kanta na nan Argungu, daga Jega yini guda ya isa ka je ka dawo.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.