Wayar taki ce, amma a hannun wa take kwana?

A Tambuwal da Kebbe da wuya ka ga ɗan shekara 10 da wayar kansa. Ta uwarsa yake ɗauka, ko ta yayansa, ko a aike shi ya karɓo ta wurin mai caji ya yi ta latse-latse a hanya. TikTok da Facebook da Instagram duk sun ce sai mai shekara 13 zai buɗe shafi, amma wannan ƙa'ida ba ta tsare yaron da ya shiga ta shafin babba. Manhaja ba ta san hannu ya canja ba. Abin da take jero wa mai shekara 35, shi za ta jero wa ɗan aji huɗu.

Wasu iyayen kan ce ai ba su sa data ba, hankalinsu kwance. Xender da Bluetooth ba ruwansu da data. Ko a Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da Tambuwal, waya na iya tura wa waya bidiyo. Yaro ya miƙa memori a rumfar masu turi, a cika masa, ba wanda ya tambayi shekarunsa. Sau nawa maigida ya taɓa buɗe wannan memori ya ga abin da ke ciki?

A yankinmu kuma akwai abin da ya fi fim ɗin batsa ɗaga mini hankali: bidiyon 'yan bindiga suna baje damman kuɗi a TikTok, ana yi musu kirari. Yaron da ke jin labarin hari a ƙauyen maƙwabta, ya kuma ga mai harin ya zama gwani, me zai ɗauka? Shi kansa yaron, cikin wasa, yakan ɗauki hoton ƙofar gida da garken shanu da hanyar makaranta ya watsa, bai san wa ke kallo ba.

Sai baƙo mai daɗin baki. Ya fara da gaisuwa, ya turo kati, ya ce kada a gaya wa Inna, daga nan ya nemi hoto. A Yulin 2024 kamfanin Meta ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya na masu karɓar hotunan tsiraici suna barazanar tona asiri.

Matakan ba su da tsada. A sa lambar sirri a manhajar banki da WhatsApp. A saukar wa yaro YouTube Kids, a kunna Family Link, manhajar sa ido ta iyaye, in wayar Android ce. Ya yi kallonsa a tsakar gida inda ake gilmawa, da dare kuma waya ta kwana ɗakin iyaye.

Mai wuyar shi ne ajiye bulala. Yarinyar da ta ce wani ya turo mata abin banza aka zane ta, gobe ba za ta faɗa ba, kuma abin da mai yaudarar ke so ke nan. A saurare ta, kada a goge saƙonnin, domin su ne shaida. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta yaudarar yara ta waya don lalata, kuma ana iya kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa ko ofishin NAPTIP da ke Sakkwato.