Ƙuri'ar 'yan Latino ta daina zama gadon kowa

Gundumar Starr tana bakin kogin Rio Grande a kudancin jihar Texas, kuma kusan kowa a cikinta ɗan Latino ne, mai tushe a Meziko. A 2016 Hillary Clinton ta jam'iyyar Demokrat ta samu kashi 79 cikin 100 na ƙuri'un wurin. Shekara 8 bayan haka Donald Trump ya lashe gundumar da kusan kashi 58, abin da wani ɗan Rifablikan bai yi ba cikin fiye da ƙarni guda. A faɗin Amurka ma haka lamarin ya karkata: Obama ya kwashi kashi 71 na ƙuri'ar Latino a 2012, amma ƙididdigar cibiyar Pew ta nuna a 2024 Kamala Harris ta samu 51, Trump 48. Mutane ne da masu ikon zaɓe cikinsu suka kai miliyan 36, don haka ba ƙaramin motsi ba ne.

Babban dalili dai aljihu ne. A Yunin 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 9.1, kuma ta fi gasa wa mai aikin gini da direban tirela da mai gyaran ɗaki a otel aya a hannu. Wanda kuɗin haya da na cefane suka cinye albashinsa tun kafin wata ya raba, ba ya buƙatar kowa ya faɗa masa wanda zai hukunta ranar zaɓe.

Inda 'yan Demokrat suka yi babban kuskure shi ne batun baƙin haure. Sun ɗauka duk mai magana da Sifaniyanci zai ji zafin kalaman Trump a kan iyaka. Amma akwai iyalai a kudancin Texas da kakanninsu ke zaune a wurin tun kafin a shata iyakar a 1848. Ba su ƙetare ta ba, kuma ba sa kallon kansu a matsayin baƙi. A garuruwan nan, aikin jami'in tsaron iyaka na cikin ayyuka ƙalilan masu albashi mai tsoka da fansho, kuma 'ya'yan gari ne ke yin sa. Da dubban mutane suka riƙa tsallako kogi zuwa garin Eagle Pass a ƙarshen 2023, mazauna garin ne suka ga cunkoson da idonsu. Gundumarsu ta Maverick ta bi Trump a 2024.

Florida kuwa labarinta daban. 'Yan asalin Kuba da Benezuwela da Nikaraguwa sun gudo ne daga gwamnatocin gurguzu, kuma kalmar kaɗai ta isa ta juya su. A 2016 Clinton ta ci gundumar Miami-Dade da tazarar kusan maki 30. Trump ya ci ta da 11 a 2024.

Ana yawan kawo addini a matsayin dalili, amma hujjar ba ta da ƙarfi yadda ake zato. Gaskiya ne 'yan Katolika a cikin 'yan Latino sun ragu daga kashi 67 a 2010 zuwa 43 a 2022, sai dai rukunin da ya fi ƙaruwa shi ne na marasa bin kowane addini, kuma su ba sa karkata ga Rifablikan.

To, sauya sheƙa aka yi? A ganina ba a kai nan ba. A 2024 jihar Arizona ta zaɓi Trump, a rana guda kuma ta tura Ruben Gallego na Demokrat majalisar dattawa. George Bush ƙarami ma ya samu wajen kashi 40 na ƙuri'ar Latino a 2004, daga baya ƙuri'un suka tsere. Bayan kamen da jami'an shige da fice suka yi a wuraren aiki a Los Angeles a Yunin 2025, ga farashi bai sauko ba, gundumar Passaic ta New Jersey, wadda Trump ya ci, ta koma wajen Mikie Sherrill ta Demokrat a zaɓen gwamna na Nuwamba. A Disamba kuma birnin Miami ya zaɓi Eileen Higgins, magajiyar gari ta farko daga Demokrat cikin kusan shekara 30.

Duk da haka 'yan Rifablikan na Texas sun sake zana taswirar mazaɓu a 2025 don neman ƙarin kujeru 5 a majalisar wakilai, kuma wasu daga cikin kujerun sun dogara ne kacokan a kan cewa mutanen bakin Rio Grande za su maimaita abin da suka yi a 2024, a zaɓen da sunan Trump ba ya kan takardar ƙuri'a.