Yadda Aka Soma Rubuta Izinin Kwafa Kyauta

A dokar yawancin ƙasashe, da zarar mutum ya rubuta abu, haƙƙin mallakarsa ya tabbata ko bai nema ba. Idan yana son jama'a su kwafa su yaɗa, dole ya ba da izini a rubuce, in ba haka ba mai kwafar ya taka doka.

Masu rubuta manhajar kwamfuta ne suka fara nemo mafita. Richard Stallman, wanda ya sanar da shirin GNU a 1983, ya fitar da lasisin GPL a 1989. Dabararsa abin a yaba ce. Ya riƙe haƙƙin mallakarsa, ya yi amfani da shi wajen gindaya sharaɗi: ka kwafa, ka gyara, ka sayar ma in ka so, amma duk wanda ka miƙa wa aikin sai ka ba shi irin 'yancin da aka ba ka. Da dokar da ake kulle ƙofa ya buɗe ta.

Littafi da darasi kuwa ba manhaja ba ne. A 1998 David Wiley, ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Brigham Young ta Amurka, ya rubuta Open Content License saboda malamai su riƙa musayar kayan koyarwa. Lasisin GFDL ya biyo baya a 2000, shi Wikipedia ta ɗauka tun tana jaririya. Sai dai yana da nauyi. Malamin da zai buga wa ɗalibansa maƙala mai shafi ɗaya, wajibi ne ya haɗa da cikakken rubutun lasisin, wanda ya fi maƙalar tsawo nesa ba kusa ba.

Ana cikin haka Amurka ta ƙara shekara 20 a kan wa'adin haƙƙin mallaka a 1998. Lauya Lawrence Lessig ya ƙalubalanci dokar a madadin wani mutum mai suna Eric Eldred, ya sha kaye a Kotun Ƙoli a 2003. Kafin hukuncin ma shi da abokansa sun kafa Creative Commons, wadda ta fitar da lasisinta na farko a Disamba 2002, a taƙaice cikin harshen da marubuci zai gane ba sai da lauya ba.

Wiley ya janye nasa lasisin a 2003, ya shawarci mutane su koma na Creative Commons. Wikipedia ta bi sahu a 2009, kuma a ƙarƙashin wannan lasisi ake rubuta Wikipedia ta Hausa a yau.